Gazali Ya Ba da Furanninsa Kiwo

Duk Gidan Igwai babu wanda bai san Gazali ba. In ma kai ba ka san shi ba, to shi ya san ka, kuma ina tabbatar maka akwai hotonka a wayarsa an kewaye shi da furanni. Sana'arsa ke nan. Ka yi suna, ko aure, ko ka sayi sabon babur, sai ka tura masa hoto, shi kuma ya zauna a bencin Mode mai shayi ya ɗora maka firam, ya watsa taurari, ya manna jar zuciya a kowace kusurwa, ya rubuta "Allah Ya sanya alheri" da ruwan zinare. Tsakani da Allah aikin nasa ba laifi. Bakin ne matsalar. In Gazali ya fara yabon kansa, shayin gabansa sai ya huce bai kurɓa ba.

"Abin da ni aje cikin wayag ga," yakan ce yana kaɗa ta a hancin mutane, "ko Legas ba su da shi. Ni ba mai hoto ba na, ni injiniyan hoto na."

Ta wani fannin gaskiya ya faɗa. Gazali bai taɓa ganin kayan adon hoto na kyauta a intanet ya wuce su ba. Firam ne, sitika ce, fure ne, bango ne mai ƙyalƙyali, duk sai ya sauke. Waɗanda yake aiki da su ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sauran kuwa tun ranar da suka shiga wayar ko buɗe su bai sake yi ba. Akwai karnuka sanye da hula. Akwai kabewa da aka fafe mata haƙora. Akwai mutum-mutumin ƙanƙara iri-iri, masu hancin karas, a garin da in rana ta take ko ƙadangare sai ya nemi inuwa.

Ana haka sai ga saukar surukarsa ta taso. Inna Lantana, mahaifiyar matarsa Wasila, tsohuwa ce da ta shiga Islamiyyar matan aure ta unguwarsu a Ƙofar Kware bayan furfura ta gama cinye kanta. Babban ɗanta Jalaluddeen ne ya lallaɓa ta ta shiga, kuma duk Juma'a yakan bugo waya daga Fatakwal, inda yake aiki, ta biya masa karatunta. Shekara da shekaru suna haka har Allah Ya kawo ta ƙarshen Alƙur'ani. Sai dai an hana shi hutu a wurin aiki, ba zai samu zuwa walimar saukar ba. Inna ba ta nemi sabon zane ba, ba ta nemi a yanka mata komai ba. Abu ɗaya ta roƙa: a ɗauke ta a bidiyo lokacin da aka kira ta tana karatu a gaban jama'a, a tura masa ya gani da idonsa.

Atika, yayar Wasila, ta ce a ɗauko mai hoto. A gaban Gazali ta faɗa, yana durƙushe a bakin ƙofar ɗakin Inna ya zo gaisuwa. Ai kuwa kamar ta watsa masa ruwan zafi.

"Mai hoto? Ina raye? Yaya Atika, mi niy yi maki da za ki tozarta ni haka? Wanga aiki nawa na. Bidiyon da zan yi ma Inna, in Yaya Jalalu ya gani sai ya ɗauka gidan talabijin anka yi shi."

Inna Lantana ba ta yi masa magana kai tsaye, saboda kunyar surukuta. Ko yana gabanta, ta bakin Wasila take aika masa saƙo. Ta dubi autar tata ta ce, "Auta, hwaɗa ma mijinki ba ni son ado. Muryata kawai nika son yaron can ya ji, ya ga bakina na motsi."

"An gama, Inna," in ji Gazali, kansa a ƙasa, ƙirjinsa a sama.

Da suka koma gida ya ce bari ya gwada hannunsa. Ya sa Wasila ta zauna a tabarma ta riƙe faranti a matsayin allo, ya ja da baya, ya karkata kai, ya danna. Wayar ta rubuto masa cewa ta cika, babu wurin ko hoto ɗaya.

"To ai da sauƙi," Wasila ta ce. "Goge tarkacen ga naka."

"Wane na tarkace?"

"Waɗanga da ba ka aiki da su. Kawo in taya ka."

Ta matso, suka buɗe. Na farko firam ne mai gurbi uku da jarirai a gefe.

"Wanga fa?"

"Na sunan 'yan ukku na."

"Wa yah haihi 'yan ukku unguwag ga?"

"Ke kin san abin da Allah za Ya yi gobe? In anka haihe su, wurin wa za a zo?"

"To wanga mutumen ƙanƙarar?"

"Wasila, ba ki sauraren rediyo? Yanayin duniya canzawa shikai. Ranar da ƙanƙara taz zuba Sakkwato, ni kaɗai za a iske a shirye."

"Karen ga mai hula?"

"Dube shi da kyau. Ke ba ki ji tausai nai ba?"

Har aka kira la'asar ba su goge ko ganye ɗaya ba. Kowane akwai ranarsa, kowane akwai dalilinsa. Da Wasila ta tashi ɗora girki, sai ya juya kan sauran abubuwan da ke wayar. Ya goge wasan ƙwallo, ya goge waƙoƙi, ya goge saƙonnin murya na 'yan uwa. Wuri bai samu ba. Ya waiga ya ga ba ta kallonsa, ya goge hotunan bikinsu kaf. Da ta gano, ta tsaya a kansa da muciya a hannu.

"Hotunan aurenmu kag goge, kab bar kabewa mai haƙora?"

"Haba uwargida, ke kullum ina ganinki. Kabewag ga in ta tahi, ina zan same ta?"

Ranar tuwonsa babu man shanu, miyar ma a gefen kwano aka ɗiga masa. Amma wurin da ya samu bai taka kara ya karya ba, ɗan guntun bidiyo kawai zai ɗauka.

Washegari a bencin Mode dabara ta faɗo masa. Ya buga cinya har shayi ya fantsama. Ya tuna kakansa a ƙauye, wanda in awaki suka yi masa yawa ba ya sayarwa, ba ya yankawa, sai ya rarraba wa dangi kiwo, in ya tashi bukata ya aika a koro masa.

"Mode, miƙo wayarka. Kiwo zan ba ka."

"Kiwon mi?"

"Hurannin Turai. Ba su cin dusa, ba su shan ruwa, ba su shiga gonar kowa."

"In sun haihu, ɗiyan nawa na?" Mode ya tambaya yana firfita gawayi.

"Kai dai kawo."

Mode ya miƙa, don mutum ne mai son ganin ƙarshen abu. Aka haɗa waya da waya, mutanen ƙanƙara suka yi ta kwarara har wayar Mode ta ce ita ma ta ƙoshi. Gazali ya yi ajiyar zuciya ya mayar da tasa aljihu.

"To goge na wajenka mana," Mode ya ce. "Ba don haka munka yi ba?"

Gazali ya fiddo wayar, ya ɗora yatsa, sai ya tsaya. Ya dubi Mode, ya dubi tukunyar ruwan zafi da ke tafarfasa a gefensa, ya dubi aljihun rigar Mode da ya yage.

"In wayarka ta hwaɗa cikin tukunyag ga fa?"

"Shekarata nawa ina shayi ba ta hwaɗa ba?"

"Yau tana iya hwarawa. A'a, sai na sami wuri na biyu, sannan hankalina shi kwanta."

Wuri na biyu shi ne wayar Malami tela, dattijon da ke shagon kusa da masallaci. Da aka gama, Gazali ya lura idon Malami ba ya gani sosai, yana iya danna wani abu bisa kuskure. Sai ya nemi wuri na uku. Wayar Wasila ya ɗauka tana wanka. Ta Atika kuwa cewa ya yi zai gyara mata hasken kamara saboda walima, ta ba shi har da godiya. Kafin mako ya zagayo babu wayar da ta gifta ta gaban bencin Mode ba a ba ta kiwo ba. Kuma duk wanda ya karɓa, Gazali sai ya hango masa aibi: wannan yana da ƙananan yara, wancan yana hawa babur da gudu, wancan kuma fuskarsa ta mai sayar da waya ce in ya matsu. Don haka na wayarsa suna nan daram, ko ɗaya bai taɓa ba.

Unguwa ta fara kuka. Mode ya daina samun saƙon mai kawo masa burodi. Malami tela ya buɗe waya zai nuna wa wani Alhaji samfurin aikin wuya, sai ga kabewa ta yi masa murmushi da wuta a cikin baki. Dattijo ya yi salati ya cillar da wayar cikin kwandon ƙyalle, ya ƙi taɓa ta sai da aka tofa mata addu'a. Ya tako har bencin shayi da almakashi a hannu.

"Kai Gazali! Wane irin aljani kas saka man?"

"Baba Malami, ba aljani ba na, ado na. Turawa ka yin shi."

"To su Turawan su aje abinsu! Alhaji ya tahi da yadinai, yac ce ba ya ɗinki inda aka kiwon iskoki!"

"Ku yi haƙuri zuwa Asabar," in ji Gazali yana ɗaga hannu kamar mai raba gardama. "Wanda dut yag goge man ko hure guda, ni da shi har gaban mai unguwa. Amana ta."

Kalmar amana ita ta ɗaure mutane. Kowa ya yi tsaki ya haƙura.

Ranar Asabar, ranar walimar, da hantsi farfajiyar makarantar su Inna ta cika. An kafa rumfuna, malamai a gaba, maza a gefe guda, mata a ɗaya gefen, masu sauka sun jeru cikin fararen hijabai. Inna Lantana ce mafi tsufa a cikinsu, tana zaune a bakin layi tana motsa baki. Gazali ya iso cikin wata 'yar shara mai aljihu ko'ina da ya aro, Mode na biye da shi, wai ya zo taya murna, alhali ƙamshin waina ne ya jawo shi.

Abin da Gazali ya fara yi shi ne korar mai hoton da makarantar ta ɗauko daga gefen su Inna. "Tsohuwag ga tana da nata ƙwararre, kai ji da sauran." Sannan ya bi layin 'yan uwa da maƙwabtan Ƙofar Kware yana sa su sauke wayoyi. "Kada wanda ya ɗaga man waya gaban aiki. In kuna so, ni ka tura maku mai kyau daga baya." Mutane suka mayar da wayoyinsu jaka.

Da ya ga fili ya zama nasa, sai ya juyo da kamara ta kalli fuskarsa, ya gyara hula, ya yi gabatarwa. Bai gamsu ba, ya sake. Ya ɗauki isowar shugaban makaranta, ya ɗauki kulolin abinci, ya sake ɗaukar kansa ta ɗaya gefen, wai nan hasken ya fi. Yana cikin haka lasifika ta ce, "Malama Lantana Abdullahi."

Mata suka yi kabbara. Inna ta miƙe a hankali, aka riƙo hannunta zuwa gaban makirfo. Gazali ya durƙusa da gwiwa ɗaya a tsakiyar fili, ya saita, ya danna. Wayar ta ce ta cika.

Ya sake dannawa. Ta sake faɗa masa. Gumi ya karyo masa tun daga ƙarƙashin hula. Ya ruga gefen mata a duƙe.

"Wasila, wayarki, maza!"

Ta miƙa. Ya danna, ta cika. Wasila ta leƙa ta ga karnuka masu hula sun yi sahu a wayarta, ta watsa masa harara.

"Yaya Atika, taki!"

Ta cika.

"Mode!"

"Garkenka na ciki, lahiya lau," in ji Mode da waina a baki. "Ko guda ba ta ɓace ba."

Inna ta yi basmala. Muryarta ta fito ta lasifika, siririya, tana rawa da farko, sannan ta daidaita. Wurin ya yi tsit. Gazali ya koma tsakiyar fili da gudu, ya buɗe rumbun kayan adonsa, ya zaɓe su gaba ɗaya. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata. Yatsansa ya tsaya a sama. Ko a wannan lokacin, wallahi, sai da ya tsaya kallon wani fure mai ruwan goro. Wasila ce ta taso daga cikin mata, ba ta damu da idon kowa ba, ta kama yatsan nasa ta danna da shi.

Sai wata 'yar da'ira ta fito tana juyawa. Tarin shekaru ba ya fita da ƙiftawar ido. Wayar ta ɗauki zafi, ta ƙi buɗe kamara, ta ƙi komawa baya, ta ƙi ma mutuwa. Inna tana aya ta biyu, da'ira na juyawa. Tana ta uku, da'ira na juyawa. Gazali ya ga duk jama'a shi suke kallo, sai ya ɗaga wayar sama ya saita ta ga Inna kamar mai ɗauka. Har da matsawa gefe, har da kwantawa a ƙasa, har da ɗaga wa wani malami hannu ya kauce. Inna ta kai ƙarshe, ta rufe, fili ya ɗauki kabbara, mata na share hawaye. Daidai nan wayar ta yi ɗan ƙara ta sanar da shi cewa an goge kayan adon kaf, yanzu akwai wuri.

Da aka tashi, dangi suka yanyame shi. Atika ce a gaba.

"Mu gani."

"Sai an tace. Aikin ƙwararru ba a kallon shi ɗanye."

"Mu gani ɗanyen."

"Hasken rana ya yi yawa, ba ku ganin komi."

Ta fizge wayar. Bidiyo na farko ta danna, ta ƙure murya, kuma tsautsayi ya sa suna tsaye dab da makirfon da ba a kashe ba. Sai ga muryar Gazali ta cika makarantar: "Assalamu alaikum masu kallo, Injiniya Gazali na, wanda ba a taɓa ba aiki ya kasa ba..." Ta wuce zuwa na gaba, Gazali ne ta gefen hagu. Na gaba, kulolin waina. Na gaba, Gazali ta gefen dama. Daga nan babu sauran komai.

Dariya ta fashe daga rumfar maza, har da malamai suna rufe baki da gefen rawani. Mode ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don mutane sun ga Inna Lantana. Tana tsaye da takardar shaidarta a hannu, hawaye na bin kumatunta. Ta yi shekaru tana jiran wannan rana don mutum ɗaya, kuma ga wayar Atika tana ta ruri, sunan Jalaluddeen a jiki, an rasa mai ƙarfin halin ɗauka. Gazali ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya zube a gabanta, bakin nan da ba ya mutuwa ya mutu.

Inna ta share fuska da gefen hijabi. Sannan ta juya ga Wasila.

"Auta, tambayi mijinki. Yanzu wayatai tana da wuri?"

Wasila ta dube shi. Ya gyaɗa kai.

"Yac ce akwai, Inna. Babu komi cikinta."

"Wuri da yawa?"

"Da yawa, Inna."

"To madalla. Hwaɗa mai gobe da sahe shi taho gida. 'Yan ayoyin ga da nik karanta yau sun wuce. Daga Hwatiha zan hwaro, har in kai ƙarshe, a tura ma yaron can kullum abin da munka yi. Shi ka riƙe waya." Ta ɗan tsaya. "Kuma hwaɗa mai ni ba ni da sauri."

Da yamma Gazali ya lallaɓa bencin shayi, yana ta ƙarfafa zuciyarsa da cewa ai garkensa na nan a hannun jama'a. Ya tarar labari ya riga shi isowa. Mode ya zuba masa shayi, ya tura masa, ya yi fuskar ta'aziyya.

"Sai haƙuri, Injiniya. Annoba ta shiga garke. Tun azahar unguwa ta hwara gogewa, Baba Malami har da kabbara. Ko ɗan kare guda bai tsira ba."

Tun daga ranar, kowace safiya za ka ga Gazali a tsakar gidan Inna a Ƙofar Kware, a tsugune nesa da tabarma, hannu biyu a sama riƙe da waya, ba tari, ba motsi, ba magana. Inna tana karatu a natse, in ta yi tuntuɓe ta koma farkon shafi. Ranar da saƙon farko ya isa Fatakwal, Jalaluddeen ya bugo waya, kuka kawai yake, Inna na ce masa ya yi shiru, ai da saura.

Da saura kuwa. Damina ta shigo ta same su ba su kai rabi ba. Wata safiya Gazali ya dawo kafaɗunsa sun sage, kofin shayi ma da ƙyar ya kai shi baki. Mode ya tambaye shi ko jiki ya gaya masa.

Gazali ya kurɓa, ya ajiye, ya dubi mutanen benci ɗaya bayan ɗaya.

"Ku hwaɗa man gaskiya," ya ce. "Dut Sakkwato, wane mai hoto anka taɓa ba izu sittin?"